Waya a Hannun Wa? Auna Cibiyoyin Lafiya na Karkara da Likitanci daga Nesa a Jihar Kaduna

Maƙalar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani kan kiwon lafiya matakin farko, Unguwar Rimi, Kaduna

Tsakure

Maƙalar nan ta haɗa tambayoyi biyu da aka saba rabawa alhali tushensu ɗaya: da wane ma'auni ake gane cibiyar lafiya ta karkara tana aiki, kuma wane irin likitanci daga nesa ne zai amfane ta. Jihar Kaduna ce fagen nazarin. An dogara da dokoki da manufofin da aka wallafa, da binciken da aka gudanar a Zariya da Kano, da abin da ya sami irin wannan shiri a Mali da Ruwanda da Indiya. Matsayar maƙalar ita ce, wayar da za ta fi ceton rai ita ce wadda ke hannun ma'aikaciyar cibiya tana magana da likita, kuma a auna shirin da yawan marasa lafiyar da aka tura gaba, suka isa, aka karɓe su a kan lokaci.

Gabatarwa

Daga Unguwar Rimi inda muke zaune, tafiya kaɗan ce a mota zuwa Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, da Asibitin Sojoji na 44, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, da Cibiyar Ido ta Ƙasa, da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa. A Shika kuma ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Jihohin Arewa kaɗan ne suka tara ƙwararru haka a wuri guda. Amma jihar tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255, kuma da zarar mutum ya ƙetare kogi ta ɓangaren Danbushiya ya shiga Chikun, ya nausa ciki, zai fara tarar da cibiyoyin da ba likita ne ke duba jama'a a cikinsu ba. Haka abin yake a Birnin Gwari da Kubau da Kauru da Sanga.

Duk wanda ya ga wannan tazara, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne a haɗa su da waya: ƙwararre yana birni, marar lafiya yana ƙauye, sabis ya sada su. Tunanin bai da laifi. Abin da maƙalar ke tambaya shi ne, idan an kira, wa zai ɗauka a wancan ɓangaren, me ke hannunsa, kuma me zai biyo bayan kiran.

Yadda aka zo nan

Tun bayan sanarwar Alma-Ata ta 1978 Nijeriya ke cewa matakin farko ne ginshiƙin kiwon lafiyarta. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya mayar da maganar aiki, aka fitar da manufar lafiya ta ƙasa a 1988, aka kafa hukumar kula da lafiya matakin farko ta ƙasa, NPHCDA, a 1992. An ɗora nauyin cibiyoyin a kan ƙananan hukumomi, wato matakin gwamnatin da ya fi kowanne ƙarancin kuɗi da ma'aikata, kuma daga nan yawancin matsalolin suka samo asali. Manufar tattara matakin farko ƙarƙashin inuwa ɗaya ta 2011 ta zo ne don gyara wannan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kiwon lafiya na matakin farko, BHCPF, ta ce a ware masa abin da bai gaza kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ba, ko da yake sai a kasafin 2018 aka fara sanya masa kuɗi.

A Kaduna, gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta ɗauki tsarin cibiya ɗaya ingantacciya a kowace mazaɓa. A 2016 ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin General Electric don samar da kayan aiki ga cibiyoyi 255 da manyan asibitoci 23, a 2018 kuma aka yi dokar da ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya ta KADCHMA. Duk wanda ya san yadda wasu asibitocin sha-ka-tafi suke kafin nan ba zai raina wannan aiki ba. Sai dai gyaran gini yana zuwa da wata illa ga masu aunawa: abin da ido ke gani ya fi sauƙin ƙirgawa, sai rahoto ya cika da shi.

Me ake aunawa?

Tun 1966 Avedis Donabedian ya raba awon ingancin kiwon lafiya gida 3: abin da aka tanada, yadda ake aiki da shi, da sakamakon da aka samu. Takardun duba cibiyoyinmu sun fi ƙarfi a gida na farko. Akwai rufi? Akwai gadon haihuwa, firij na rigakafi, rijiyar burtsatse, sola? Ma'aikata nawa ne a rajista? Tawagar masu dubawa takan iso da hantsi, ranar aiki, sau da yawa bayan an sanar da zuwanta, ta tarar an share harabar, kowa yana bakin aikinsa. Abin da ta rubuta gaskiya ne, amma gaskiyar ƙarfe 11 na safe ce. Naƙuda kuwa ba ta san lokacin tashi daga aiki ba.

Ba sai mun je wata ƙasa neman hujja ba. A 1985 Farfesa Kelsey Harrison ya wallafa bincikensa kan haihuwa 22,774 da aka yi a jere a asibitin Zariya. Abin da ya fito fili shi ne, mafi yawan matan da suka rasu ba su yi awo ba, an kawo su ne bayan abu ya riga ya ɓaci. A 1994 Sereen Thaddeus da Deborah Maine suka tsara wannan a matsayin jinkiri iri 3: jinkirin yanke shawarar fita daga gida, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Shekaru sun shuɗe, amma binciken lafiyar jama'a na ƙasa (NDHS) na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa a ƙasar ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa kusan kashi 16. Binciken ya ƙiyasta mata 512 ke rasuwa a kowace haihuwa 100,000, kuma a shiyyarmu yara 187 cikin 1,000 ba sa kai shekara 5.

Idan aka ɗora waɗannan alƙaluma a kan tsarin jinkiri 3, aikin cibiyar karkara zai bayyana. Ba ta yin tiyata, ba ta da ma'ajiyar jini. Abin da ake nema daga gare ta a kan mai jijjiga, ko mai zubar jini bayan haihuwa, ko yaron da zazzaɓi ya sa yake suma, shi ne ta gane haɗarin da wuri, ta ba da taimakon farko, ta tura gaba, wanda aka tura kuma ya isa. Mace mai zubar jini bayan haihuwa tana iya rasuwa cikin awa 2 idan ba a tsayar da shi ba. Saboda haka cibiyar da take da fenti da kayan aiki amma a rufe take da ƙarfe 2 na dare ta faɗi jarrabawar da aka gina ta dominta, ko da ta ci maki mai yawa a takardar tawaga.

Wanda ke riƙe da wannan aiki a yawancin cibiyoyin shi ne ma'aikacin lafiya na al'umma da aka fi sani da CHEW, irin waɗanda Kwalejin Shehu Idris ta Maƙarfi ta daɗe tana yayewa, sai ungozoma ko nas inda aka dace. Mutanen gari "likita" suke ce musu, kuma a wurinsu babu wani likitan. Manufar raba ayyuka ta 2014 ta amince a horar da su su yi wasu ayyukan da a da sai ungozoma ko likita, ciki har da karɓar haihuwa da ba da allurar farko ta magnesium sulphate ga mai jijjiga kafin a tura ta. An ƙara musu nauyi. Abin da ba a ƙara musu ba shi ne wanda za su tambaya a tsakar dare idan abu ya rikice.

Likitanci daga nesa iri biyu ne

Ana yawan cakuɗa abubuwa biyu ƙarƙashin suna ɗaya. Na farko, marar lafiya ya kira likita kai tsaye daga gida, ta manhaja ko ta bidiyo. Na biyu, marar lafiya ya je cibiya, ma'aikaciya ta duba shi, ita ta kira likita. Kamfanonin da suka bunƙasa a Legas da Abuja tun lokacin annobar korona a 2020 na farkon suke sayarwa, kuma yana da amfani ga ma'aikacin banki mai hawan jini da ke zaune a nan Unguwar Rimi, mai babbar waya da data da na'urar awon jini a gefen gado.

A ƙauye lissafin daban ne. A gidaje da yawa waya ɗaya ce, ƙarama, kuma tana aljihun maigida, shi kuwa yana gona ko kasuwa ko ya tafi cin rani. Matar da za ta faɗa wa ma'aikaciya abin da ke damunta a bayan labule ba za ta faɗa wa baƙon namiji a wayar mijinta ba, mijin yana tsaye. Ga batun harshe: manhajojin Turanci suke ji, jihar kuwa ban da Hausa akwai Gbagyi da Adara da Atyap da Bajju da Fulfulde da sauransu. Abin da ya fi duka nauyi shi ne likitan da ke waya ba shi da hannu. Ba zai taɓa ciki ba, ba zai auna jini ba, ba zai sa ruwa ba. Dole wani ya yi masa, kuma ingancin shawararsa ba zai wuce ingancin abin da aka gaya masa ba.

Binciken E-MOTIVE da aka wallafa a 2023 ya nuna girman wannan batu. An yi shi a asibitoci 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano ce ta jagoranci ɓangaren Nijeriya. An shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai ma'auni da ke tara jinin da ya zuba, aka kuma ba da magungunan tsayar da jini a tare maimakon ɗaya bayan ɗaya. Munanan sakamako suka ragu da kusan kashi 60 cikin 100. A manyan asibitoci aka yi binciken, to amma darasinsa ya shafi batunmu kai tsaye. Ma'aikaciyar da za ta ce wa likita "ranka ya daɗe, jinin ya wuce mililita 500, hawan jininta kaza, bugun zuciya kaza" ta ba shi abin da zai yanke hukunci a kai. Wadda za ta ce "jinin dai da ɗan yawa" ta bar shi cikin duhu, komai kyan bidiyon. Leda da na'urar awon jini mai aiki sun riga kyamara muhimmanci.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe yana ƙarfafa wannan. Shirin likitanci daga nesa na RAFT ya faro a 2001 tsakanin Bamako da Geneva, kuma tun farko ma'aikacin lafiyar da ke shi kaɗai a nesa ya sa a gaba: a koyar da shi, a ba shi inda zai kai tambaya. Ya bazu zuwa ƙasashen Afirka da dama. Indiya ta ƙaddamar da eSanjeevani a Nuwamban 2019 a kan tsarin da ƙaramar cibiya ke kiran likitocin da gwamnati ta zaunar don wannan aiki, sai a 2020 aka ƙara ɓangaren da marar lafiya ke kira da kansa. A Ruwanda kuwa kamfanin Babyl ya fara a 2016, ya yi dabarar aiki da ƙaramar waya, jama'a da yawa suka yi rajista. Da uwar kamfanin, Babylon ta Ingila, ta durƙushe a 2023, sai aka rufe shi. Ba a Kigali matsalar ta taso ba, amma marasa lafiyar Ruwanda ne suka rasa layin.

Mu ma muna da namu tarihin. Bayan harba tauraron ɗan'adam na NigComSat-1 a Mayun 2007, hukumar sararin samaniya ta NASRDA da ma'aikatar lafiya ta tarayya sun gwada haɗa asibitocin koyarwa na Ibadan da Maiduguri da wasu cibiyoyin lafiya na tarayya, har da motar asibiti mai yawo. Tauraron ya daina aiki a Nuwamban 2008, ba a harba madadinsa ba sai Disamban 2011. An fara daga sama, da kaya mafi tsada, a asibitocin da dama suna da likitoci.

A halin yanzu kuwa akwai wani likitanci daga nesa da ke gudana kullum a jihar nan ba tare da an ƙaddamar da shi ba. Ma'aikaciya ta ɗauki hoton ƙurji ko takardar gwaji ta tura wa wani likita da ta sani ta WhatsApp. Ta yi wa tsohon malaminta filashin ya kira ta. Da katinta take yi, da alfarma ake amsa mata, babu inda ake rubutawa. Wadda ta san mutane marasa lafiyarta sun dace, wadda aka kai ta sabon wuri ba ta san kowa ba sai ta yi ta maza. A ganina duk shirin da zai yi nasara daga wannan ɗabi'a zai tashi, ya mayar da alfarma ta zama haƙƙi: lamba ɗaya sananniya ga kowace ƙaramar hukuma, likitan da aka sa a jadawali kuma ake biyansa don ya ɗauka, da rajistar da za a rubuta abin da aka faɗa.

Sabis, wuta da hanya

A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin jihar ta sanar da katse layukan sadarwa a wasu sassa saboda yaƙi da 'yan bindiga, bayan Zamfara ta yi hakan a farkon watan. An haɗa da hana zirga-zirgar babura na wata 3. Ba a maido da sabis ba sai ƙarshen Nuwamba. Ba hikimar matakin tsaron ake tattaunawa a nan ba. Abin lura ga mai tsara shirin lafiya shi ne, a lokaci guda aka rasa waya da babur, abubuwa biyun da ake kai mai naƙuda asibiti da su, kuma a yankunan da suka fi kowa nisa da likita. Duk tsarin da aka gina a kan cewa sabis zai kasance kullum, ya manta da wata 2 na tarihin jihar nan. Dole ma'aikaciya ta iya tsayawa da ƙafarta idan layi ya ɗauke, wato horo da kundin ƙa'idojin aiki na takarda suna nan daram, waya ƙari ce a kansu.

Kuɗin gudanarwa ma ya sauya. Cire tallafin mai a Mayun 2023 ya tsadar da janareto da kuɗin mota, a Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Wannan ya isa dalilin fifita murya da hoto a kan bidiyo.

Jiragen Zipline marasa matuƙi, waɗanda suka fara tashi daga Pambegua a ƙaramar hukumar Kubau a 2022, sun magance wani yanki na matsalar, domin suna kai magani da rigakafi cikin ɗan lokaci. Amma da waya ake yin oda, kuma jirgin kaya yake kaiwa. Mai doguwar naƙuda da ke bukatar tiyata sai an ɗauke ta a mota. Shi ya sa tsarin direbobin ƙungiyar sufuri ta NURTW masu sa kai, da aka gwada a jihohin Arewa da dama don kai masu naƙuda asibiti, ya cancanci a ɗauke shi a matsayin ɓangare na likitanci daga nesa. Lambar direba tana da daraja ɗaya da lambar likita a bangon ɗakin haihuwa.

Ma'aunin da ake ba da shawara

Shirye-shiryen waya sun fi son ba da rahoton yawan kira da yawan waɗanda suka yi rajista, saboda kwamfuta ke ƙirga su kuma kullum hawa suke. Yawan kira bai nuna an warke ba. Yana iya hawa ma don ma'aikata sun daina yarda da kansu.

Abin da ya kamata a bi shi ne sawun marar lafiya guda daga cibiya zuwa babban asibiti. A rubuta lokacin da ya iso, da lokacin da aka kira likita, da mintin da aka yi kafin a ɗauka, da lokacin da mota ta tashi. Sannan mai aunawa ya ɗauki rajistar cibiya ya tafi da ita babban asibitin da aka ce an tura mutane, ya nemi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Nawa suka isa? Nawa aka san da zuwansu kafin su iso, har aka tanadi jini ko ɗakin tiyata? Waɗanda ba su isa ba ina suka tsaya: gida suka koma don babu kuɗin mota, kemis suka shiga, ko a hanya rai ya yi halinsa? Wannan aiki ne mai wahala da cin lokaci, kuma alƙaluman wata-wata da ake shigarwa a ma'ajiyar bayanan lafiya ta DHIS2 ba za su bayar da shi ba, domin jimilla suke ɗauka. Amma ko a cibiyoyi kaɗan aka yi shi a kowace shiyya, zai faɗi abin da ziyarar hantsi ba za ta taɓa faɗa ba. A kuma raba sakamakon dare da na rana, na damina da na rani. A haɗa da kiran gwaji ba tare da sanarwa ba, a ga ko layin likita yana shiga bayan sallar isha'i.

Akwai ɗaya gefen da shi ma nasara ce: waɗanda aka hutar da su tafiya. Mai ciwon suga ko hawan jini ko farfaɗiya da ke biyan kuɗin mota daga Kauru zuwa Kaduna don kawai a sabunta masa magani, idan aka duba shi a cibiyar garinsu likita yana kan layi, ya tsira da kuɗinsa da yininsa. A nan ne ƙwararrun Barnawa da na Cibiyar Ido za su fi amfanar karkara, kuma awonsa mai sauƙi ne: nawa marar lafiya ya kashe a da, nawa yake kashewa yanzu, kuma yana ci gaba da shan maganin ko ya bari.

Saura tambayoyi biyu da babu shirin da zai ɗore bai amsa su ba. Ta farko ta alhaki ce. Idan likita ya ba da umarni ta waya, ma'aikaciya ta aiwatar, abu ya ɓaci, wa za a tuhuma? Kundin ɗa'ar aikin likita na 2008 ya ambaci likitanci daga nesa, ya ja hankali kan sirrin marar lafiya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa. Hoton al'aurar mai jego da ke zaune a wayar ma'aikaciya, wayar da yaranta ke wasa da ita da yamma, ya saɓa wa duka biyun. Wayar aiki ta cibiya, da izinin marar lafiya kafin a ɗauki hoto, da rubuta sunan likitan da ya ba da shawara da lokacin da ya bayar, su ne mafi ƙarancin abin da zai kare kowa.

Ta biyu ta kuɗi ce. Dokar 2014 ta raba asusun BHCPF: kashi 50 ga inshora, 20 ga magunguna da rigakafi, 15 ga gine-gine da kayan aiki da sufuri, 10 ga ma'aikata, 5 ga agajin gaggawa. Wani ɓangare yana shiga asusun cibiya kai tsaye, shugaban cibiya da shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa ne ke sa hannu. Katin waya da data da man motar da za ta kai mai naƙuda suna iya fitowa daga nan idan an sa su a tsarin kashe kuɗin cibiya. Alawus ɗin likitan da ke jiran kira ba zai fito daga nan ba, domin likitan ma'aikacin babban asibiti ne, ƙarƙashin ma'aikatar lafiya, cibiyar kuma tana ƙarƙashin hukumar matakin farko. Sai dai KADCHMA ta sa shawarar waya cikin ayyukan da take biya, ko ma'aikatar ta ware mata layi a kasafinta, kuma a yi hakan tun kafin a raba wa cibiyoyi wayoyin.